Cukun Mutane a Littafin Kamfani

Ba son ilimi ne ya kai Tineke aji tana da shekara hamsin da huɗu ba, haushi ne ya kai ta. Wata Talata ce cikin Satumba, ita da yayanta Arend suna zaune a ofishin banki a Woerden, ana maganar bashin da ake sabunta wa kamfaninsu duk shekara. Ma'aikaciyar bankin, wata mai suna Annelot, ta ɗago kai daga takardu ta dubi Tineke.

"Ke ma ai darakta ce. Me kike gani ya sa hajarku ke ta hauhawa, ciniki kuwa yana nan inda yake?"

Kafin Tineke ta amsa, Arend ya yi dariya ya dafa kafaɗarta.

"Rabu da Tineke. Ita cuku take juyawa, ba takarda ba. Nuna mata inda za ta sa hannu kawai."

Annelot ta yi murmushi, Arend ya kawo wata doguwar amsa, ita ma Tineke ta taya su dariya. Wannan dariyar tata ce ta fi ci mata rai. Ta hau kekenta kunnuwanta na zafi, tana tafe tana tsaki, har wani mai mota ya ɗauka da shi take.

Shekara talatin da shida tana aiki a siton cukun gidansu, dogon gini hawa huɗu a bakin ruwa. Cuku yakan zo daga gonaki yana ɗanye, kowane dunƙule kilo goma sha biyu, a jera shi a kan katako, a riƙa juya shi ana gogewa ana shafa masa abin da ke kare bayansa har ya tsumu. Tineke kan ƙwanƙwasa dunƙule da bayan yatsa ta gaya maka ko ya tsage a ciki. Da mahaifinsu Teunis ya gaji, ya raba musu kamfanin rabi da rabi, ita da Arend. Amma rabin nata bai taɓa wuce sa hannu a shafin ƙarshe na rahoton shekara ba, inda ake manna mata 'yar takarda rawaya don kada ta ɓata hanya.

A makon ta biya Yuro ɗari uku da arba'in ta shiga ajin koyon lissafin kamfani, kowace Asabar da safe a Utrecht.

Malamin, wani tsohon akanta ne mai suna Ozinga, dogo, ba ya dariya, ba kuma ya fushi. Kullum sai ya zo da burodi da yankakken cukun masana'anta a leda, irin wanda Tineke ba za ta ba ko kare ba. Ranar farko ya ja layi ya raba allo biyu.

"Nan hagu, abin da kamfani ya mallaka. Shi ne kadara. Nan dama, masu haƙƙi a kan kadarar. Na farko waɗanda ke bin ku bashi. In an cire nasu, abin da ya rage shi ne jarinku. Hagu da dama dole su zo daidai. In ba su zo daidai ba, kun yi kuskure. In sun zo daidai, ƙila kun yi kuskure biyu."

Ba wanda ya san ko wasa yake yi.

Tineke ta sha wuya. Sauran ɗaliban sa'annin 'ya'yanta ne, yatsunsu na gudu a kan kwamfuta, ita tana fama da fensir da abin gogewa. Sau biyu tana cewa ta daina. Amma mutanen garinsu in sun biya kuɗin abu, ko ruwan wanki ne sai sun shanye, don haka ta ci gaba. A hankali ta gane cewa riba daban, kuɗin da ke cikin asusu daban. Ta gane dalilin da ya sa ake rage darajar mota duk shekara ko ba ta lalace ba. Arend ya sa mata suna Malama Akanta, ma'aikata suka ɗauka. Ta bar su.

Ran biyu ga Janairu aka yi ƙidaya, kamar yadda ake yi tun kafin a haife ta. A wannan rana ba saye ba sayarwa. Akan ɗauko tsoho Teunis daga gidan kula da tsofaffi, shekararsa tamanin da shida, a zaunar da shi a bakin ƙofa da bargo a gwiwa da littafi a hannu. Matar Arend ta kawo ragowar fanken sabuwar shekara da kofi. Tineke ta bi hawa-hawa, katako-katako, tana ƙirgawa tana kiran lamba, tsoho yana maimaitawa da ƙarfi yana rubutawa. Da yamma ita ce ke kwafe jimillar a takarda mai tsabta ta sa hannu, Arend ya kira Wessel a waya ya karanta masa. Wessel shi ne akantansu tun zamanin tsoho, bai kuma taɓa hawa benen nan ba, wai sanyin wurin yana tayar masa da ciwon ƙafa. Bana an sami dunƙule dubu tara da ɗari huɗu. Tsoho ya rufe littafi ya ce abin da yake faɗa duk shekara, cewa duk abin da ke ƙarƙashin rufin nan guminsa ne.

A zamaninsa gaskiya ya faɗa. A da, shi ke zuwa kasuwar Laraba ya tafa hannu da manomi har su daidaita, ya biya, ya kwaso cukun. Duk abin da ya shigo sito nasa ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ne manoma suka waye, wasu suka daina sayar da ɗanye. Sai su kawo ajiya, su biya ladan juyawa duk mako, in ya tsumu su zo su ɗauki kayansu su sayar da tsada. Ciniki ya sake salo, ƙidayar ran biyu ga Janairu kuwa tana nan yadda take.

Asabar ta biyu a Fabrairu, Ozinga ya rubuta kalma ɗaya a allo: haja.

"Ku ɗauka mai gyaran keke ne. Ƙarshen shekara ya shiga shagonsa ya ƙirga keke arba'in. Goma sababbi ne da ya saro don sayarwa. Talatin na mutane ne da suka kawo gyara. Nawa zai rubuta a kadara?"

"Goma," in ji wani yaro a gaba.

"Goma. Ko jariri ya san wannan. Mu wuce."

Tineke ta ajiye fensirinta. Ta ɗaga hannu, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, in kayan ya shekara biyu a wurinka fa? Kai ke kula da shi, kai ke juya shi duk mako, in ya lalace kai za ka biya?"

"Kin saya?"

"A'a."

"In ya yi tsada, wa zai ci ribar?"

"Mai shi."

"To kin amsa da bakinki. Ko shekara ashirin ya yi, amana ce. Ladan ajiyar naki ne, ki rubuta shi a kuɗin shiga. Kayan kuwa ko kusa da takardarki kada ya zo."

Ba ta ji sauran darasin ba. Daga tashar jirgi ba ta je gida ba, sito ta nufa. Ba kowa a ciki sai ƙarar injin sanyaya ɗaki. Ta ɗauki littafin shigowar kaya ta hau bene, tana duba hatimin da ke jikin kowane dunƙule tana ware na manoma. Aikin awa uku ne, ba ta ko cire rigar sanyi ba. Na mutane dubu uku da ɗari shida. Ta sauko ofis ta jawo rahoton da Wessel ya aiko don a sa hannu, karo na farko a rayuwarta ta buɗe shi daga shafin farko. Haja: dunƙule dubu tara da ɗari huɗu, kowane a Yuro tamanin da biyar. Ta buga lissafi sau uku da fensir. Yuro dubu ɗari uku da shida na cukun mutane ne ke zaune a kadararsu. Jarin da takardar ta nuna kuwa dubu ɗari biyu da arba'in ne kacal. In an cire kayan mutane, ba su da jari ko kwabo, bashin da ke kansu ya fi abin da suka mallaka. Kuma a kan wannan hajar ne banki ke ba su bashi.

Ta jawo rahotannin baya daga kabad. Goma ne, na bana na goma sha ɗaya. A shafin ƙarshe na kowanne ga sunanta nan da hannunta, ta yi shi da kyau, har da ɗan lanƙwasa a ƙarƙashi.

Ranar Litinin ta sami Arend a hawa na uku yana duba ma'aunin sanyi. Ta miƙa masa takardar da ta yi lissafin. Ya duba, bai daɗe yana dubawa ba, wannan kuma shi ya gaya mata komai.

"Tun yaushe ka sani?"

"Rage murya, akwai mutane a ƙasa."

"Na ce tun yaushe ka sani, Arend."

"Shekara shida. Bakwai. Ban riƙe ba." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Ba ni na ƙirƙiro shi ba. Haka Baba ke ƙirgawa, haka Wessel ke rubutawa. Ran da na lura, abin ya riga ya yi nisa. In na gyara a shekara ɗaya, banki ya rufe mana famfo. Me kike so in yi?"

"Ka gaya mini."

"In gaya miki me? Ke da ba ki san hagu da dama a takardar ba?"

"Shi ya sa ka ji daɗin manna mini rawayar takarda kana nuna mini wuri kamar 'yar renon da ake koya wa cin abinci."

"Wata biyar a aji, kin zama alƙali." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ji nan, Malama Akanta. Ba wanda aka sata wa komai. Kowane manomi in ya zo, cukunsa na nan, ko gram bai ragu ba sai abin da iska ta sha. Banki na samun kuɗin ruwansa duk wata, ba mu taɓa latti ba. Kamfani ƙarami irin namu ba mai turo masa odita ya binciki lissafi. Lamba ce kawai a takarda."

"Lambar da aka karɓi bashi da ita."

"Bashin da ake biyan mutum takwas albashi da shi. Har da ke. Har da kuɗin ɗakin Baba. Ki ba ni shekara uku in riƙa rage ta kaɗan-kaɗan, ba wanda zai lura."

"Shekara bakwai kana da su. Hauhawa ta yi."

Nan ya fusata. Fuskarsa ta yi ja har wuya, ya matso yana magana ƙasa-ƙasa.

"To bari in tuna miki. Wa ke hawa benen nan yana ƙirgawa? Wa ke kwafe jimilla ya sa hannu? Ni lamba kawai nake karanta wa Wessel. In abin ya zama magana, rubutunki ne a kowace takarda, ba nawa ba. Juma'ar mako mai zuwa ƙarfe goma za mu banki. Ki zo da alƙalaminki."

Ya sauka ya bar ta. Tineke ta kama dunƙulen da ke gabanta ta juya shi ta buga a katako da ƙarfin da ba a yi wa cuku. Ta juya na biyu, na uku, har ta gama layin gaba ɗaya, alhali ba ranar juyinsa ba ce. Abin da ya fi ƙona ta shi ne bai yi ƙarya ba. Ita ta ƙirga. Ta san hatimin kowace gona kamar yadda ta san fuskokin jikokinta, ta san wanda aka saya da wanda aka kawo ajiya, amma ba ta taɓa tambayar ina lambar ke zuwa bayan ta bar hannunta ba.

Asabar ta gaba ta tsaya bayan an tashi, Ozinga yana kwance ledar burodinsa.

"Malam, wata ƙawata ce ke da matsala."

Ta ba shi labarin, ta mai da cukun katako. Ya saurara yana tauna.

"Ƙawar taki darakta ce?"

"E."

"Abin da ta sa wa hannu a baya tana cikin duhu, kuskure ne, ana iya gyarawa, ko da yake gyaran da ciwo. Wanda za ta sa wa hannu yanzu da ta sani, wannan yana da wani suna daban." Ya haɗiye. "Sannan ta tuna da masu katakon. Ran da kamfanin ya faɗi, banki zai zo da takardar da ta ce duk abin da ke ciki jinginarsa ne. Su kuma sai sun yi ta jelen lauya kafin su karɓi abinsu, in ma sun karɓa da wuri." Ya dube ta ta saman tabarau. "Ki gaishe ta. Kuma ki gaya mata katako ba ya irin wannan ƙamshin."

Ranar Laraba Klazien ta kawo kaya. Manomiya ce daga wajen Kamerik, mijinta ya rasu ya bar ta da shanu sittin da ɗa ɗaya, ita da Tineke tun makarantar firamare suke tare. Dunƙule ɗari tara take da su a siton, ribar shekara biyu ke nan da ba ta taɓa ba. Suna sauke kaya tana ta surutu, wai ɗanta na matsa mata ta sayar ta sa kuɗin a banki.

"Na ce masa kai yaro ne. Kuɗi a banki ban san hannun wa suke ba. Cukuna kuwa na san yana hannun Tineke, barcina nake har da minshari." Ta dubi fuskar ƙawarta. "Ke lafiya? Kin yi kama da wadda ta sha madarar da ta kwana."

"Karatu ne ke ba ni wuya."

"Wa ya aike ki? Da tsufanki."

Tineke ta sa hannu a takardar karɓar kaya ta ba ta. Tana kallon motar har ta haye gada. Daga nan ta shiga ofis, ta rufe ƙofa, ta zauna ta sake rubuta takardar kadara da bashi da kanta, layi-layi, yadda aka koya mata. Hagu da dama suka zo daidai. Ba ta ji daɗin komai ba.

Ranar Juma'a Arend ya sa rigarsa mai kyau. Da motar ta tsaya a bakin banki ya ce mata, "Ki yi tunanin Baba." Ta buɗe ƙofa ta fita.

Annelot ta kawo kofi da biskit ɗaya-ɗaya, ta buɗe rahoton a shafin ƙarshe ta turo shi gaban Tineke. Ga rawayar takardar nan a manne. Tineke ta ɓare ta, ta rufe rahoton, ta ciro tata takardar daga jaka ta ɗora a kai.

"Bara kin yi mini tambaya ban amsa ba. Kin ce me ya sa hajarmu ke hauhawa. Saboda muna ƙirga cukun manoma da suka kawo ajiya a cikin namu. Dubu uku da ɗari shida bana. Ga lissafin gaskiya nan. Wancan ba zan sa masa hannu ba."

Annelot ta jawo takardar ta karanta daga sama har ƙasa, ta koma sama. Murmushin aiki ya bar fuskarta.

"Tun yaushe ake haka?"

"Shekara goma sha ɗaya."

"Wa ke yin ƙidayar?"

"Ni," in ji Tineke.

"Akwai wanda ya san da wannan kafin yanzu?"

Tineke ba ta dubi yayanta ba. Ta ji yana numfashi ta hanci kamar yadda yake yi tun yana yaro in an kama shi. Ta bar tambayar a teburin, ba ta ɗauke masa ba, ba ta kuma jefa masa ba. Arend ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu sukari.

"Na sani," ya ce.

Sauran zaman bai fi minti ashirin ba. Annelot ta ce ba ita ke yanke hukunci ba, amma kada ta ɓoye musu: bashin da hajarsu ta gaskiya za ta iya ɗauka bai kai wanda ke kansu ba, kuma banki zai nemi bambancin kafin kaka. Ta ce da yake su suka kawo maganar da kansu, tana fatan abin ya tsaya a kuɗi. Sannan ta tambaya, a hankali, ko sun taɓa sa an kimanta ginin bakin ruwa, don masu gina gidajen haya suna neman irinsa ido rufe. Ba su da wani abin sayarwa da ya kai wannan kuɗin, su ukun duk sun sani.

A wajen ajiye motoci Arend ya tsaya da makulli a hannu. Ta zaci zai yi ihu, ta ma shirya masa. Bai yi ba.

"Kin kyauta. Kin ci jarrabawa." Ya buɗe motar. "Ke za ki gaya wa Baba. Ni ba zan iya ba. Ki hau bas."

Ranar Lahadi bayan coci ta je gidan tsofaffi. Teunis na zaune a kujerarsa ta bakin taga, an sa masa taye, yana jiran ƙarfe goma sha ɗaya ta yi a kawo masa kofi. Ta yanka masa ɗan cuku mai shekara biyu da ta zo da shi. Ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai.

"An sa hannu?"

"Ba a sa ba, Baba."

Ta gaya masa duka, ba ta rage ba, ba ta kuma yi wa Arend ƙari ba. Ta yi masa bayanin kadara da amana da sauƙi yadda za ta iya. Ta gaya masa har da maganar sayar da ginin. Tsoho bai katse ta ba. Da ta gama ya ajiye sauran cukun a faranti.

"Akwai manomin da ya zo ɗaukar kayansa bai samu ba?"

"Babu."

"Akwai watan da ba a biya banki ba?"

"Babu, Baba. Amma..."

"Shekara arba'in da ɗaya ina tafa hannu da mutane a kasuwa, ba takarda, ba lauya. Ba wanda ya taɓa cewa Teunis ya ci masa gram ɗaya. Yau 'yata ta shiga banki ta ce musu ƙarya muke rubutawa."

"Ƙarya ce, Baba. Ba da gangan ka fara ba, amma ƙarya ce. Da kamfanin ya rushe, da cukun Klazien za a biya bashinmu."

"Ai da bai rushe ba."

"Ba ka sani ba."

"Ke kika sani? A aji aka gaya miki?" Ya ture farantin gefe. "To gaya mini abin da kika gyara. Kowa yana da abinsa jiya. Yau ba ni da sito."

Fushin da ta yi wata biyar tana ɗauke da shi ya taso mata har idanu. Ta so ta ce masa shi ya raba kamfani biyu ya ba ɗa littafi ya ba 'ya tsumma. Ta so ta ce da sau ɗaya ya zaunar da ita ya buɗe mata shafin farko, da an kama abin tun yana dunƙule ɗari biyu. Ta dubi wuyansa da ya yi wa kwalar riga kaɗan, ta haɗiye rabin maganar.

"Sunana ne a takardun nan, Baba. Sau goma na sa shi ban san abin da nake sa wa ba. Na goma sha ɗaya na sani. Ba zan iya ba."

"Sunanki," ya ce. "Ni na ba ki shi."

Ma'aikaciya ta turo keken kofi ta tsaya a bakin ƙofa, ta tambaya ko kofi biyu za ta zuba, tunda yau da baƙuwa. Teunis ya juya kujerarsa ta fuskanci taga.

"Ɗaya," ya ce. "Tafiya za ta yi."